Sifiri Huɗu da Kujerar Makka

Kwanan baya wata yarinya cikin masu koyon kwamfuta a shagona ta buga mini kwanan wata 5/3, ta miƙo takardar tana murmushi. Na ce mata ina sifirin? Ta ce, "Malama Rabi, ai biyar biyar ce, da sifiri da babu." Na dube ta na dubi sauran, duk suna gyaɗa kai. Haka kuke, ku 'yan yanzu. Kun iya latsa waya tun kuna rarrafe, sai kuka ɗauka aikin nan wasan yatsa ne. Ganin kitse kuke wa rogo. To ku gyara zama ku ji inda na samo wannan faɗan da nake muku a kan abin da kuke cewa ba komai ba ne.

Takardar farko da na taɓa bugawa ta rantsuwar shekaru ce, a zauren Malam Iro mai tafireta, nan Ƙofar Guga. Aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Da safe yakan ɗaura tafiretarsa a bayan keke ya tafi gindin bishiyar bedi kusa da kotu, ya buga wa mutane ƙorafi da yarjejeniya da takardun shekaru. Da yamma ya dawo gida ya koya mini. Tafiretar tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ba ta da madannin ɗaya, sai ka buga ƙaramin baƙin l a madadinsa. Zaren tawadarta idan ya bushe Baba Iro ba ya jefarwa, yakan ɗiga masa ɗan mai ya juya shi ya ci gaba. Ana saka farar takarda, a bi ta da kabon, a bi da wata farar, kuma in ka yi kuskure ɗaya ka ɓata duka. Ba ya duka, ba ya zagi. Zai zare takardar ne kawai, ya ninke ta, ya miƙo miki ya ce, "Kai wa mai ƙosai." Duk mai ƙosan unguwarmu ta san hannuna kafin ofis ya san shi.

Ranar nan wani manomi ne daga Batagarawa ya biyo shi gida, ɗansa zai shiga aikin gandun daji ana neman takardar shekarunsa. Baba Iro ya tambaye shi yaushe aka haifi yaron. Ya ce da kaka ne, ana cikin yankan gero. Wace rana? Mutumin ya yi dariya ya ce shi ba ya riƙe da rana. Baba Iro ya juyo gare ni ya ce in buga ɗaya ga Janairu. Na ce Baba, ai ba a yankan gero a Janairu. Ya ce, "Ɗiyata, ohis ba ya amsar kaka. Duk wanda bai da rana, ɗaya ga Janairu tashi ce. Hakanan munka ishe ana yi." Sai ya nuna mini in sa sifiri gaban kowane ɗaya, 01/01, domin kada wani ya zo daga baya ya cusa lamba a filin da aka bari. A lokacin dalilin sifiri ke nan, yana tare ƙofa. Allah kaɗai ya san yawan Katsinawan da Baba Iro ya haifa a ɗaya ga Janairu, har da shi kansa, domin da hannunsa ya buga tasa takardar.

Daga zaurensa na samu aiki a ɗakin buga takardu na wata ma'aikata. Muna nan muna fama da sitansil da jan ruwan gyara mai warin tsiya, sai aka kawo kwamfuta. An lulluɓe ta da farin ƙyalle, an sa mata fanka ita kaɗai, mu muna gumi. Manya suka ji tsoronta, aka turo ni in koya tunda ni ce ƙarama. Da na kama hannu sai na ajiye aikin, na buɗe wannan shagon da kuke zaune ciki, da kwamfuta ɗaya da firinta mai ƙara wadda ake jin kukanta daga bakin titi.

Aikin da ya fara koya mini halin kwamfuta na wata makarantar Islamiyya ne. Suna son sunayen ɗalibai a teburin lissafi, wannan shiri mai gidaje-gidaje, a jera su bisa ranar shigarsu. Na buga 05, na latsa, sifirin ya ɓace. Na sake bugawa, ya sake ɓacewa. Ita a wurinta lamba ce, sifiri a gaban lamba kuwa kaya ne mara amfani, sai ta yar. Na ce to, a bar shi. Da na ce ta jera, sai ta kawo mini wanda ya shiga ranar goma sha biyu a gaban wanda ya shiga ranar biyu, saboda lambar farko kawai take kallo, ta ga ɗaya ta riga biyu. Wasu kuma ta juya musu rana ta zama wata, wata ya zama rana, ba ta ce mini uffan ba. Hedimasta ya gane, domin ya ga an shigar da ɗiyarsa cikin hutu. Na ji kunya ranar, kuma daga nan na daina yarda da kwanan watan da aka cusa a gida ɗaya.

Ga yadda nake yi, kuma haka za ku yi muddin kuna shagon nan. Rana gidanta daban, wata gidansa daban, shekara gidanta daban. A gida na huɗu ki buɗe da alamar daidai, ki rubuta fomular da ke mai da lamba rubutu, ki nuna mata gidan rana, ki ba ta sifiri biyu cikin alamar zance. Kin gaya mata ke nan kujera biyu ce, ko mutum ɗaya ne ya zo. Biyar ta fito 05, sha biyu ta fito 12. Ki yi wa wata haka, ki haɗa su da 'yar karkatacciyar sanda a tsakani. Wannan na idon mutum ne. Na jerawa kuma a gida na biyar yake, shekara ce a gaba, wata ya bi ta, rana ta zo ƙarshe, a manne ba sanda. Kowa tsawonsa ɗaya, ba mai tsallake wani. Abu ɗaya za ku riƙe, gidan da aka bari fanko fomular ba ta barinsa fanko. 00 take rubutawa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta ƙarshen mulkin soja. Taransfomar layinmu ta ƙone, aka yi watanni ana cewa gobe. Fetur ya yi wuya, janaretana ya zama abin ajiye tulu. Zafi ya lalata mini faya-fayan da nake ajiyar aiki, aikin mutane ya tafi da su. Masu kawo aiki suka koma wajen GRA inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Ina shirin mayar da mabuɗin shago, sai ga Baba Iro wata safiya yana turo kekensa, domin a lokacin ƙafarsa ta daina hawa. Ya kwance tafireta ya ɗora a teburina, ya ture kibod gefe. Ya ce, "Wagga ba ta shan mai." Ya bar gindin bedinsa ya zauna a ƙofar shagona, tsofaffin mutanensa suka biyo shi, shi yana karɓar aiki ni ina bugawa. Haka muka yi har wuta ta dawo, ya ɗaure kayansa ya koma, bai yarda na yi masa godiya a gaban mutane ba.

Farar hula sun karɓi mulki, aiki ya buɗe. Takardar neman kwangila, takardar neman aiki, sunayen 'yan kwamiti, kowa ya zama mai ƙungiya. Amma unguwa ta rabu. Liman ya yi atishawa a ce da jam'iyya ya yi. A cikin wannan hali wani attajirin unguwarmu ya rasu, ya bar wasiyya cewa duk shekara a ba da kujerar Makka ɗaya ga wanda ya fi kowa tsufa a unguwa cikin waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Aka naɗa mai unguwa da liman su duba, da Malam Lawal, wani malamin firamare mai natsuwa, a matsayin sakatare. Kafin su zauna an fara cewa an riga an ba wane. Shi ya sa Malam Lawal ya kawo mini aikin. Ya ce, "Malama Rabi, mun yanke a bar ma kwamfuta. Ita ba ta da jam'iyya, ba ta da dangi. Wanda ta aza bisa, shi za ya tahi."

Na karɓi takardun. Na farko da na ɗaga ta Baba Iro ce, da bugun tafiretarsa, 01/01. Sai a lokacin na tuna duk tsawon shekarun nan Malam ake ce masa, ba Alhaji ba. Ya buga wa maniyyata takardu har ba iyaka, shi bai taɓa wuce filin jirgi ba. Na shigar da shi, na shigar da sauran. Can ƙasa akwai Iya Baraka mai daddawa, tsohuwa mai ido ɗaya da kaifin baki, wadda ba ta taɓa shiga kotu ba balle ta yi rantsuwar shekaru. Mai unguwa ne ya kintata mata shekara, ya rubuta da biro, kuma shekarar ta zo ɗaya da ta Baba Iro. Gidan rana da na wata ya bar su ba komai, ni ma na bar su haka. Na ja fomula daga sama har ƙasa, na ce ta jera.

Iya Baraka ta hau sama da 00/00. Baba Iro yana biye da ita. Na uku ya yi musu nisa, ba ya cikin magana.

Malam Lawal ya sunkuyo ya duba. Ya ce ai babu ranar sifiri a duniya, in cike mata ɗaya ga Janairu kamar yadda ake yi wa kowa. Gaskiyarsa ce, haka ake yi, kuma ni ma haka aka koya mini. Amma na san abin da bai sani ba. In na cike mata, sun yi kunnen doki, kwamfuta kuwa idan biyu suka yi daidai takan bar su yadda aka shigar da su. Baba Iro na fara shigarwa. Madanni huɗu kawai zan taɓa, ya tafi Makka, kuma babu wanda zai ce an yi ba daidai ba. Na so ya samu, ba zan ɓoye muku ba. Ƙafarsa ta kumbura a lokacin, numfashinsa ya fara gajarta, kowa yana gani.

Na ce, "Malam, in na bar sifiri, Iya ce. In na sa ɗaya, Baba ne. Ko wanne aka ɗauka, yatsana ne ya zaɓa, ba kwamfuta ba. Ita ba ta san wanda ya girmi wani ba. Ta ga sifiri bai kai ɗaya ba, shi ke nan iliminta."

Ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "Kin maido mana da abin da munka gudo." Na ce na sani. Ya ce in buga duka biyun in zo da su, in yi wa dattawa bayani da bakina.

Bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Na zauna daga bakin ƙofar cikin gida, kusa da Iya Baraka da aka shimfiɗa wa tabarma. Baba Iro yana jingine da bango, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da jiki, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan na ajiye takardun biyu na faɗi abin da na gaya wa Malam Lawal. Ban iya kallon inda Baba yake ba.

Mai unguwa ya ɓata rai. Ya ce shi shekarar da ya rubuta kintace ne, don ya ji ana cewa su biyun sa'o'in juna ne. Wani daga waje ya ce mai takarda ai shi ke da hujja, a ba Malam Iro. Wani ya ce a'a, an ce wanda kwamfuta ta sa a sama, kuma ta riga ta sa. Murya ta fara tashi. Liman ya ɗaga hannu, ya juya ga tsohuwar.

"Iya, ke mi kika sani? Ke da Malam Iro wa ya girmi wani?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni dai an hwaɗa mani nono guda munka sha, ni da shi. Amma jinjiri ya san wanda ya riga shi? Waɗanda sunka sani suna ƙasa. In ya ce shi ne babba, ban da ta cewa. In na ce ni ce, na yi ƙarya don kujera, in je gaban Ka'aba da ita?"

Ba wanda ya rage a unguwar da ya ga yarintarsu. Liman ya dubi Baba Iro, bai ma tambaye shi ba. Shi kuwa ya miƙa hannu aka ba shi takardar da sunansa yake sama. Ya kawo ta kusa da ido, ya bi layin da yatsa kamar yadda yake duba aikina a da. Ya ce, "Layi ya miƙe, ba kuskure." Ya ajiye ta.

Ya ce, "Wagga rana da kuke gani gaban sunana, ni na ba kaina ita, gindin bedi, da tafireta. Ba ta hi sifirin Baraka gaskiya ba, sai dai ta hi shi kyan gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Innata ta hwaɗa mani, Allah shi jiƙan ta, da anka haihe ni ta yi ciwo nono ya ƙahe. Anka kai ni gidan su Baraka. Lokacin ita tana tahiya, ana shirin yaye ta, har an shahwa ma nonon maɗaci. Don ni anka wanke shi. Ragowarta na sha. Yayata ce."

Iya Baraka ta juyo da idonta mai gani. Ta ce, "Iro, ba ka taɓa hwaɗa mani ba."

Ya ce, "Da na hwaɗa da kin aike ni."

Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba. Liman ya girgiza kai ya ce da kujera biyu ce, da shi ne muharraminta, an huta. Mai unguwa ya ce, "Malam Iro, baɗi taka ce in Allah ya so, ba mai gardama." Baba ya ce Allah ya kai mu. Aka shafa fatiha. Da zai tashi sai da mutum biyu suka kama shi. Na bi shi har waje ina so in ce wani abu. Shi ya riga ni. Ya ce, "Firintarki tana cin gindin baƙi, ki sa a duba ta." Ya kama keke ya tura.

Ni na buga wa Iya Baraka takardun tafiya. Ofishin ba ya karɓar sifiri, don haka aka kai ta kotu ta yi rantsuwa, aka ba ta ɗaya ga Janairu kamar kowa. Ta je ta dawo lafiya, ta zama Hajiya, ta kawo wa Baba Iro zamzam da dabino da hannunta. Na samu labari ta zauna a zaurensa ta ba shi labarin Arfa tun daga hantsi har azahar, yana tambayarta ƙanana-ƙananan abubuwa, ta wace ƙofa suka shiga, ina suka ajiye takalma.

Da shekara ta zagayo Malam Lawal ya sake kawo mini sunaye. Na ja fomula, na jera, Baba Iro ya hau sama shi kaɗai, ba na kusa da shi. Na buga takardar, aka sa hannu, aka kai masa gida yana kwance. Bai kai ga ɗaukar hoton fasfo ba. Da damina ta yi nisa ya rasu, wata safiyar Talata.

Na je gidan ana shirin wanka. Mata suna tsakar gida, ni ina cikinsu, sai ɗansa babba ya fito daga ɗakin Baba riƙe da wani ƙunshi a leda. Ya ce a ƙasan akwatinsa ya samu, ƙarƙashin tsofaffin kabon. Farin yadi ne guda biyu, sabo fil, ko wanki bai taɓa gani ba. Haramin aikin Hajji ne. Matarsa ta duba ta ce ba ta san da shi ba. Wani ɗan kasuwa cikin masu zaman makoki ya gane ledar shagonsa, ya ce shi ya sayar masa, tun makon da aka karanta wasiyyar attajirin, kafin a kawo mini sunaye, kafin zaman zauren mai unguwa. Ashe ranar da ya ce yayata ce, haraminsa yana ninke a gida.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ɗan ya kai wa liman yadin ya tambaya ko ya halatta. Liman ya ce ya halatta, a ƙara ƙyalle ɗaya. A cikinsa aka naɗe shi.